Saƙon da Abu Samir Bai Saurara Ba

Kusan duk sati sai wani saurayi ya same ni a shagona nan Kaduna ya ce, "Baba Bulus, gyaran waya nake so in koya, wata uku ya isa ko?" Ya isa mana. Wata uku ya ishe ka ka iya canja gilashi da batir, ka kuma iya ɗaure fuska ka ce wa mai waya inji ne ya mutu. In wannan kake kira sana'a, je ka abinka, kada ka ɓata mini lokaci. Na yi shekara goma sha ɗaya ina gyara a garin nan kafin in tafi Dubai, kuma sai da na zauna a unguwar Naif da ke can na gane duk shekarun nan wasa nake yi.

Na sauka can a 2016, ina da shekara arba'in da 'ya'ya uku a gida. Shagon yana cikin wani lungu a Naif, inda 'yan kasuwar Afirka suke sarin takalma da jakunkuna. Faɗinsa bai fi ɗakin mai gadi ba: teburin aiki ɗaya, benci ɗaya na masu jira, sai ƙofar ƙarfe da ake ja sama. Maigidana wani dattijo ne ɗan Pakistan, Ustaz Rashid. Ranar farko ya miƙo mini mataccen injin waya, wato koren allon nan da komai na waya yake zaune a kai, ya nuna wani ɗan abu da bai kai ƙwayar gero ba, ya ce in cire shi in mayar. Na sa ido a madubin ƙara girma, sai na ga hantsakin da ke hannuna yana rawa kamar na mai zazzaɓi. Ban taɓa sanin hannuna yana rawa ba. Ustaz ya karɓe hantsakin ya ce, "Khalas, shi ke nan. Daga yau ba shayi kafin azahar." Wata shida na yi ina goge tsatsa da buroshi ina canja gilashi, ni da ake kira injiniya a gida.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai mita ta auna wuta, akwai ƙarfen walda da dalma, akwai man da ake shafawa don dalmar ta narke daidai. Sannan akwai bulowa, injin da ke hura iska mai zafi ta bakin bututu. Ita ce abincinmu, ita ce kuma take kashe waya. Da ita ake narka dalmar da ke ƙarƙashin abin da ya lalace a ɗaga shi. Matsalar ita ce kusa da shi, wani lokacin tazarar bai fi kaurin farce ba, ƙwaƙwalwar wayar take zaune, inda hoto da murya da komai na mutum suke ajiye. In zafi ya wuce kima a kanta, shi ke nan, babu malamin da zai dawo da abin da ke ciki. Shi ya sa muke rufe ta da tef mai jure zafi, mu ɗora sulen dirhami a kai ya sha zafin, sannan hannu ya riƙa zagayawa ba tsayawa, kana ƙirga daƙiƙa a ranka. Ustaz yana da doka a kan wannan: duk aikin da ya kusanci ƙwaƙwalwa, da safe ake yin sa, kafin a ɗaga ƙofa. Ba ya yin sa da mutum a kan benci, ko da sarkin garin ne.

Aikin farko da ya bar ni na yi ni kaɗai na Alhaji Nasiru ne, wani Bakano mai tura wa 'yan kasuwa kaya gida. Wayarsa ta faɗa ruwa a bakin gaɓar Al Ras ana lodin jirgin ruwa, kuma duk lambobin kwalayen mutane suna ciki. Ya kawo ta binne cikin ledar shinkafa, kwana uku, yana cewa haka aka gaya masa. Na ce, "Alhaji, da ka ƙara mata mai da yaji." Ruwan gishiri ba ya bushewa ya tafi, zama yake yana cin ƙarfe. Na wanke injin, na canja abubuwa biyu, ta kawo haske. Daga ranar duk Bakanon da ya sauka Naif da matacciyar waya, wurina Alhaji yake turo shi. Ya ce musu, "Ku je wurin fasto." Ni ko ƙungiyar mawaƙa ban taɓa shiga ba a coci, amma sunan ya bi ni.

Ku da kuke nan gida ba ku san matsayin waya a wurin baƙo ba. A can kiran intanet ba ya tafiya yadda ake so, kiran layi kuma tsada, saboda haka kowa saƙon murya yake yi. Lebura zai yi shekara uku bai ga ɗansa ba, muryar yaron tana cikin aljihunsa. In ya miƙo maka waya, gidansa ya miƙo maka. Ba ka leƙa abin da ke ciki, ba ka gaya wa na kan benci ta wane ce a hannunka. Siyasa kuwa, baƙo ba ya yin ta a garin nan. Ka ji, ka gyaɗa kai, ka ci gaba da aikinka.

Shekarar korona ta karya mu. An rufe Naif da Al Ras ruf, makonni ba shiga ba fita. Da aka buɗe, lungun ya zama kamar an share. Jirage daga Najeriya yau su tashi gobe su tsaya, Kanawa suka ɗauke ƙafa. Ustaz Rashid ya tafi gida ganin iyali, cutar ta same shi a can, bai dawo ba. Mai ginin da muke haya ya ce in riƙe teburin. Sai in yini tun safe har magariba, mutum biyu ne suka leƙo, ɗaya ma hanya yake tambaya.

A ƙarshen shekarar ne aka fara saukar da jirage daga Isra'ila, bayan ƙasashen biyu sun ƙulla hulɗa. Muka wayi gari da wasu baƙi a kasuwa, suna magana da ƙarfi suna taya kaya kamar a kasuwar Kwari. Alhaji Nasiru ya leƙo ya ce, "Fasto, mutanenka sun zo." Na yi dariya, amma gaskiya gabana ya faɗi da na fara ganin su. Tun ina yaro nake jin sunan ƙasar nan a coci, mahaifiyata ta mutu da burin zuwa Urushalima. Sai ga su a gabana, da fasasshen gilashi da batir mai kumburi kamar kowa.

Cikinsu akwai Dawud, dattijo mai tumbi, iyayensa daga Iraƙi suka yi ƙaura, saboda haka yana jin Larabci irin na tsofaffi. Caja da rigar waya yake sara, yana zuwa da 'yarsa Tamar, ita take duba masa ingancin kaya. Sun saba da ni, duk zuwa sai sun kawo wani abu a gyara. Ina son zuwansu, ba zan ɓoye ba. A wannan shekarar duk wanda ya zauna a bencina ɗan'uwana ne.

Akwai kuma Abu Samir, Bafalasɗine, mai kula da sito a wani shagon kayan ƙamshi a Al Ras. Siririn mutum ne mai furfura, ba ya ɗaga murya. Matarsa da 'ya'yansa suna Gaza, ya kusa shekara huɗu bai gan su ba. Sau biyu na taɓa canja masa wurin caji, kuma duk zuwa sai ya kawo mini ƙullin kanumfari.

A ƙarshen azumin 2021 faɗa ya ɓarke tsakanin Isra'ila da Gaza. 'Yan kwanaki bayan ƙaramar salla, wajen ƙarfe goma na safe, Abu Samir ya shigo ya ajiye waya a kan teburina. Bai yi sallama ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya cire takunkumi ya yi mini bayani a tsaye, muryarsa ba hawa ba sauka. Shekaranjiya da safe matarsa ta turo saƙon murya. Ya ga shigowarsa, amma ana sauke buhuna, ya ce zai saurara in an tashi hutu. Kafin hutun ɗan'uwansa ya kira: benen da suke ciki ya rushe. Yaran suna gidan kakarsu, sun tsira. Ita tana ciki. Wayar ta suɓuce daga hannunsa ta bugi tayil, ta faɗa bokitin ruwan goge ƙasa.

Na tambaye shi abin da muke tambayar kowa, ko yana ajiye kwafin saƙonninsa a intanet. Ya ce wuri ya cika tun bara, bai san yadda ake yi ba. Wayar matar kuma tana ƙarƙashin ginin. Ke nan a duk duniya, wuri ɗaya saƙon nan yake.

Ya ce, "Mu'allim, ba na son wayar. Ta kunnu minti ɗaya kawai, in ji abin da ta ce, sannan ka jefar."

Na buɗe a gabansa, na auna. Na yi murna da abin da na gani. Ruwan bai kai ga ƙwaƙwalwa ba, abin da ke rarraba wuta ne ya ƙone, kuma ina da irinsa a aljihun tebur. Aiki ne da na yi ba adadi. Na ce masa ya dawo gobe da la'asar. Ban ce masa tabbas ba, ba ma faɗin haka, amma ya gani a fuskata.

Washegari na makara. Motar da nake hawa daga International City, unguwar da nake kwana, ta tsaya a hanya, sai wajen tara da rabi na isa. A ƙa'ida sai in shiga in ja ƙofa in yi aikin a rufe. Amma Dawud da Tamar suna tsaye a bakin shago, batirin wayarsa ya kumbura, gobe za su tashi. Na kasa ce musu su je su dawo. Na canja batirin, na sa shi a caji don gwaji, na ce su jira minti ashirin. Sai na ce a raina, minti ashirin ai ya ishe ni. Na jawo injin wayar Abu Samir, na manna tef, na ɗora sule, na kunna bulowa.

Ranar ba su zo da fara'a ba. Wayar Tamar tana da wata ƙara da take yi duk lokacin da aka harbo roka ƙasarsu, kuma duk sanda ta yi sai su sunkuya tare su duba sunan garin. Jikokin Dawud suna wani gari kusa da iyaka, sati guda suna kwana a ɗakin ɓuya. Suka fara musu da harshensu, a hankali, sannan da ƙarfi. Ni idona yana madubi, hannuna yana zagayawa, ina ƙirga.

Sai Dawud ya juya zuwa Larabci, don in ji. "Tana cewa wai ina goyon bayan firaministanmu. Ni? Sau huɗu muka yi zaɓe cikin shekara biyu, sau huɗu ina jefa ƙuri'a a kore shi, ya manne wa kujera kamar cingam. Amma wannan daban, soja daban. Ka je unguwarmu ka tambaya, mai sonsa da maƙiyinsa, duk bakinsu ɗaya: kada a tsaya sai an gama."

Tamar ta amsa da Turanci, ita ma don in ji. "A gama me, Baba? Na sa kaki shekara biyu. Lokacin ma cewa aka yi wannan ne na ƙarshe. Bayan 'yan shekaru a sake, a sake cewa na ƙarshe. Benayen nan da ake rushewa akwai mutane a ciki."

"Ana gargaɗinsu su fita."

"Su fita su je ina?"

"To mu fa, mu je ina? Yaran ɗan'uwanki suna fitsarin kwance saboda ƙarar jiniya. Je ki ki gaya wa uwarsu wannan maganar."

"Ba na iya gaya wa kowa. Ko a teburin abincin gidanmu shiru nake yi, don kada a ce na ci amana. Sai na zo wata ƙasa nake iya buɗe baki."

Dalmar ta fara sheƙi, saura kaɗan in ɗaga. A daidai nan Dawud ya dafa teburina ya ce, "Mu'allim, kai ka raba mu. Maƙwabcinka ya jefo wuta gidanka, jikokinka suna ciki. Me za ka yi?"

Da ya yi mini kowace tambaya ban da wannan, da na gyaɗa kai kawai. Amma ni an taɓa jefo wuta gidanmu. Ina saurayi aka yi wani rikici a Kaduna, gidan babana ya ƙone ƙurmus, kuma da dare biyu suka wuce ina cikin waɗanda suka tsallaka titi da jarkar fetur. Shekara ashirin ban gaya wa kowa ba. Na ɗago kai daga madubi. Na ce masa na san abin da zan yi, don na yi. Na ce masa gidan da muka ƙona, na mai shayin da yake ba mu bashi ne, ba shi ya ƙona namu ba, nasa ne dai ya fi kusa. Na ce har yau babu wanda ya koma unguwar, mu ko su, kuma kowane ɓangare in ka tambaye shi zai rantse maka wancan ne ya fara. Maganar ta yi ta zuwa, Larabci da Turanci a cakuɗe. Tamar ta zuba mini ido, Dawud ya yi shiru. Na ji daɗin shirun nan, ina jin kunyar faɗa, amma na ji daɗinsa ƙwarai.

Wari ne ya dawo da ni. Duk mai gyara ya san warin nan. Hannuna ya daina zagayawa tun ban san yaushe ba, bakin bulowar ya karkace ya tsaya a gefen sulen. Tef ɗin ya yi baƙi ya nannaɗe. Na sa ido a madubi, na ga ƙananan ƙwayoyin dalma sun ɓullo daga ƙarƙashin ƙwaƙwalwar, bayanta kuma ya kumbura. Duk abin bai fi rabin minti ba.

Tamar ta ce, "Lafiya? Ta wane ce?"

Na ce, "Ta wani mai sayayya ce."

Na cire wayar Dawud daga caji na miƙa masa. Ya dafa kafaɗata ya ce ni mutum ne mai hikima, suka tafi. Na ja ƙofa na rufe. Na gama aikin da na fara, na sa sabon abin rarraba wutar, ya zauna daidai. Na auna, wuta tana shiga ko'ina yadda ya kamata, wato da yanzu ta kunnu. Na ɗaga ƙwaƙwalwar na sake mata dalma na mayar, na kuma, ba ta kunnu ba, na kai wa wani ɗan China a unguwar Deira mai injin karanta ta. Ya duba, ya girgiza kai, ya ce wane ne ya gasa wannan.

Da la'asar Abu Samir ya zo. Ya yi aski, ya sa farar riga, ya zo da abin saurare na kunne sabo a cikin kwalinsa, don kada ya ji muryarta a gaban mutane. Ya zauna a bencin ya ɗora hannu a gwiwa.

Kowane mai gyara yana da ƙaryar da yake ajiyewa don irin wannan rana, kuma ba wanda zai iya kama ka, don mai waya bai san abin da ke ƙarƙashin murfi ba. Na yi niyyar faɗin gaskiya. Tun azahar nake shirya kalmomin. Da na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa, "Abu Samir, ruwan ya shiga fiye da yadda na zata."

Ya ce, "Na sani. Laifina ne. Saƙo ya zo, na ce buhu ya fi shi. Kuma ni na yar da ita da hannuna." Ya tashi ya kama hannuna da nasa biyu. "Ka wahala saboda ni, mu'allim. Allah ya saka maka."

Ban gyara masa ba. Na naɗe wayar a takarda na ba shi.

Bayan haka duk wata sai ya leƙo, da wayar a aljihun gaba, ya tambaya ko an kawo sabon injin gyara daga China da zai iya. In ce tukuna. Ya ce inshallah, ya ajiye mini kanumfari ya tafi. Dawud da Tamar ma sun dawo bayan an tsagaita wuta. An canja musu gwamnati, Dawud yana murna, Tamar ta ce za a gani. Sun so mu ci gaba da hirar rannan, na ce aiki ya yi mini yawa.

A ƙarshen shekarar takardar zamana ta ƙare, ba a sabunta ba, na fara haɗa kaya. Alhaji Nasiru ne ya gaya wa Abu Samir. Ya zo ana gobe zan tashi, na riga na kwance madubi na sa a kwali. Na ce masa akwai wani ɗan Indiya a bayan masallaci mai hannu mai kyau, in rubuta masa sunan shagon, ko nan gaba zai buƙata.

Ya dafa aljihunsa ya girgiza kai. Ya ce, "A'a. Wasu ba su da kula, za su lalata mini ita. Kai kaɗai na yarda ka taɓa ta. In ka dawo, ka neme ni."